Tsororuwar Ɗakin Kakata

Ranar kasuwar Goronyo ce, da hantsi. Ina durƙushe a ƙofar ɗakin shan magani inda nake aiki, ina wanke wa wani manomi gyambo, sai inuwar jaki ta faɗo a kaina. Na ɗaga ido na ga mijin ƙanwata. Albasa ya kawo daga ƙauyenmu kamar yadda ya saba, amma bai biya kasuwa ya sauke ba, kayan na nan a kan jakin. Tun daga nan na san ba lafiya ba.

Ya yi sallama, na amsa. Ya tsaya gefe har na gama naɗe ƙafar mutumin, na wanke hannu. Sannan ya matso ya ce, "Malam, sai haƙuri. Baba ya cika jiya da sahe. Bayan azahar munka kai shi."

Na yi salati. Na tambaye shi ko ya daɗe kwance, ya ce zazzaɓi ne na kwana uku, babu wanda ya zaci zai kai ga haka. Ya shiga gyara igiyar jakin, alhali babu abin da ya same ta. Can ya ce, "Ya bar maka aiki gida."

"Wane aiki?"

"In ka zo ka gani da idonka."

Ban yi kuka a wurin ba, akwai mutane zaune suna jiran magani. Wani abu ne daban ya kusa kayar da ni. An rufe albasar da shuci, ciyawar nan da ake rufin ɗaki da ita, an kuma yayyafa mata ruwa saboda zafin hanya. Ƙanshin jiƙaƙƙen shuci ya bugi hancina. Duk wanda ya tashi a gidan mai baibaya, wato mai sana'ar rufe ɗaki da ciyawa, ya san wannan ƙanshi. Shi ne ƙanshin rigar mahaifina, da tafin hannunsa, da tabarmar da yake zama.

Mahaifina mai baibaya ne, kamar mahaifinsa. A ƙauyenmu da ke kusa da Lahodu, cikin ƙasar Wurno, kowa manomi ne, shi ma yana noma gero da wake. Amma in aka ce jinka, wato rufin ciyawa, gidanmu ake zuwa. Shekararsa tana da tsarinta. Da kaka, in an gama kai amfanin gona gida, sai a shiga fadama yankan shuci, a ɗaure dami-dami a jingine. Da rani a zauna gindin tsamiyar ƙofar gida ana yanta, ana jera ciyawar ana kitsa ta da igiya har ta yi tsawo kamar tabarmar da ba ta ƙarewa, a naɗe a ajiye. In bazara ta kama, zafi ya tsananta, gabas ta fara tara gajimare, sai masu ɗakuna su fara sallama. A ƙasa ake ɗaure tsaiko, ƙashin rufin ke nan na itace da kara, maza su taru su ɗaga shi da kuwwa su ɗora a kan gini. Daga nan sai baibaya. A fara warware yantar daga gindi, ana zagayawa ana hawa, kowane zagaye yana rufe kan wanda ke ƙasa da shi, har a kai inda dukan ciyawar ke haɗuwa wuri ɗaya a sama. Wannan wurin mahaifina ke kira tsororuwa.

Yadda ake yin baibaya haka ake koyonta, daga ƙasa. Shekarar farko ɗaukar dami kawai na yi. Ta biyu aka bar ni in jiƙa igiyar kaba in riƙa miƙawa. Ta uku na fara yanta, ta huɗu aka yarda in ɗaure zagayen gindi. Kowace bazara ana ƙara mini hawa kaɗan. Amma in aiki ya kai sama, sai Baba ya ce kowa ya sauka. Shi kaɗai zai rage can, ya ba mu baya, ya duƙa, hannunsa ɗaya ya nutse cikin ciyawar har kafaɗa. Daga ƙasa ba ka ganin komai sai bayansa da gumin da ke bin rigarsa. Ba rowa yake yi ba. Saman jinka ba ya ɗaukar mutum biyu, itacen ya yi siriri a can. Ya taɓa gaya mini cewa mai baibaya sau ɗaya yake koyar da wannan ɗauri a rayuwarsa. In ya ga ɗansa ya isa, sai ya ɗaura tsaiko na musamman, ya riɓanya itacen bibbiyu, yadda zai ɗauki uba da ɗa. Haka kakana ya yi masa.

"Kai ma taka ranar tana tahe," in ji shi. "Kak ka yi gaugawa."

Akwai kuma wata ƙa'ida da duk masu sana'ar suka riƙe. Wanda ya fara jinka shi ke rufe ta. Ko tafiya ta kama shi, ko ciwo ya kwantar da shi, babu wani mai baibaya da zai hau ya ɗaure masa tsororuwa. Sai dai a kifa tsohuwar tukunya a wurin, a jira shi. In mutuwa ce ta ɗauke shi, aikin ya zama na ɗansa. Dalilinsu shi ne kowane gida da irin ɗaurinsa, kuma in ɗaki ya yi yoyo a san hannun da za a tambaya.

Ina cikin shekara ta biyar a wannan koyo aka aiko wa mai gari cewa ana son yara a makarantar elementare. Zamanin nan ba a tambayar uba. Aka nuna ni, ga shi ni kaɗai ne namiji a gidanmu. Baba ya ce, "To," ya ci gaba da yantarsa. Kakata, mahaifiyarsa, ita ce ta yi ta faɗa. Mijinta take kirana, irin wasan nan na jika da kaka.

"Za a ƙwace mani miji a ba Nasara," in ji ta. "To ku hwaɗa masu tun yanzu, rago na. Ci kawai ya iya da barcin hantsi. Kak su maido mani shi su ce ban hwaɗi ba."

Tana faɗa tana share ido da gefen zane.

Malaminmu mutumin kirki ne, daga can gabas ya zo, Hausarsa ba irin tamu ba. A shekarata ta uku, dab da hutun bazara, ya koya mana cewa akwai kalmomi masu ma'ana ɗaya. Ya rubuta biyu a allo, ƙoli da ƙololuwa. Ya ce dukansu suna nufin wurin da ya fi ko'ina bisa, inda babu sauran hawa, kuma duk wadda ka ɗauka ka sa a gurbin 'yar'uwarta za ta zauna. Ya ce kowa in ya je gida ya tambayi manya, ya rubuto wasu irinsu, da inda suka samo asali in an sani. Na so wannan aiki ƙwarai. Shi ne karo na farko da makaranta ta nemi wani abu daga gidanmu ban da ni kaina.

Da kakata na fara. Na same ta tana kaɗi a inuwar rumbu, mazari na juyawa a kan tasa. Ta ce in kan dutse ne, su tulluwa suke cewa. Ta ce in rubuta tukku, gashin nan da aka bar mini a tsakar kai ina ƙarami. Ta ce in rubuta tozo. Na ce tozo ai na sa ne, ba ya cikin waɗannan.

"Hau bisa sa ka gani in akwai abin da ya hi shi," in ji ta. "Boko ya hwara cinye maka hankali."

Na tambaye ta inda tsororuwa ta samo asali. Ta ce daga tsoro, in tambayi ubana yadda ƙafafunsa suka yi rawa ranar da ya fara hawa. Har yau ban sami wanda ya tabbatar mini da wannan ba. Na fi zaton tsokanar ɗanta take yi, don yana kusa yana ji.

Limamin ƙauyenmu ya ba ni biyu. Ya ce gaya daga Larabci take, iyakar abu ke nan, matuƙa kuwa tamu ce, inda abu ya tuƙe. Ya ce a ganinsa ƙololuwa ƙoli ce aka ja ta, don a nuna babu sauran wani bisa a bayanta. Ƙoli kuwa, ya ce bai san inda ta fito ba, a bakin iyaye suka same ta. Wata Bafillatana da ke kawo mana nono ta ji ina karanta takardata, ta yi dariya. Ta ce su hore suke cewa, kai ke nan, na mutum ko na dutse ko na itace duk ɗaya. Ta ce mu Hausawa mun cika yawan suna, shi ya sa ba mu gama magana da wuri.

Baba na bari na ƙarshe. Yana zaune yana tufkar igiya na karanta masa duka, ina ɗaga murya yadda muke yi a aji. Ya saurara bai katse ni ba.

"Duk waɗanga abu guda na, in ji malaminku?"

Na ce i.

"A'a," in ji shi. Ya ja igiyar da haƙori ya tofar da zaren. "Ƙoli kowa na iya hwaɗinta. Mace da tulu bisa kai sai ta ɗaga ido ta ce ga ƙolin rimi can. Daga ƙasa akan ga ƙoli. Ƙololuwa sai wanda ya hau, ya duba bai ga wurin ƙara sa ƙahwa ba. Ita Allah ya yi ta, kai dai ka ishe ta. Amma tsororuwa ba a ishe ta. Ba ta nan sai an yi ta. Duk karan da ka ɗaure tun daga gindi, can za shi je ya tambaye ka."

Na san akwai masu cewa tsororuwar itace, na kuma gaya masa haka. Na ce a takarda dai duk ɗaya ne, sama sama ce. Ya dube ni ya ce, "To, rubuta yadda anka ce ka rubuta." Ya koma kan igiyarsa.

Mai karatu, a wannan hutun ne Baba ya kware tsohuwar jinkar ɗakin kakata ya fara sabuwa. Kwana biyu muna aiki, ni a zagayen tsakiya, shi a sama da ni. Rana ta uku da safe saura tsororuwa kaɗai, igiya na jiƙe a kasko, sai ga ɗan aike da jar hula. Wani Bature zai fito rangadi, barikin da zai sauka can wajen Rabah rufinsa ya lalace, an ce a kawo mai baibayar da ya fi kowa. Baba ya roƙa a bar shi zuwa azahar ya rufe ɗakin tsohuwarsa. Ɗan aiken ya ce shi ba a aiko shi da azahar ba.

Baba ya ɗauki wata tsohuwar tukunyar tuwo ya hau da ita, ya kifa a wurin, ya danna da ƙarfi, ya sauko. Ya ce wa kakata, "Inna, kwana ukku." Ni kuma ya ce mini, "Kak kowa ya taɓa."

Kwana uku suka zama goma. Daga baya muka ji cewa da ya gama babban ɗakin aka nuna masa na girki, da ya gama wannan aka nuna masa rumfar doki. Mu kuwa kullum da la'asar gabas sai ta yi baƙi, iska ta kawo ƙanshin ƙasa, sannan ta washe. Kakata ta riƙa fitowa tana duban ɗakinta, tana cewa duk garin nan ita kaɗai ce ɗakinta ke yawo da hular tukunya. Da wasa take faɗa, amma ni ba da wasa nake ji ba.

Akwai wani tsoho maƙwabcinmu, shi ma mai baibaya. Na je na durƙusa na ce, "Baffa, hadari na tahe, Baba bai dawo ba. Ka taimaka ka ruhe ma tsohuwa ɗaki."

Ya ce, "Ɗana, ko ɗakin uwata na, ba ni taɓa aikin wani. Tukunyar da ubanka ya kihwa ta isa. Bar ta."

Ban bar ta ba. Na ga Baba yana ɗaurin nan daga ƙasa ya fi a ƙirga. Na yi shekara uku a makaranta, na iya karatu da rubutu, abin da babu wani a gidanmu da ya iya. A raina na ce ɗauri ɗauri ne. Rana ta goma sha ɗaya da hantsi, maza sun tafi sharar gona, na hau. Itacen yana lanƙwasa ƙarƙashina. Na cire tukunyar na zuro ta ƙasa da igiya. Na tattara kawunan ciyawar, na lanƙwasa su, na naɗe da kaba zagaye bakwai, na ƙulle, na datse gefen da wuƙa har ya yi daidai. Da na sauko na duba, wallahi ya yi kyau. Kakata ta fito ta kare ido da hannu.

"Kai! Ashe mijin nawa na da amhwani," in ji ta. Har ta ɗan yi mini guɗa.

Na yi kwana ɗaya ina jin daɗin wannan guɗar.

Washegari da la'asar hadarin farko ya iso. Iska ce ta riga ruwa. Ina tsaye a bakin zaure na ga ɗaurina ya tashi gaba ɗayansa kamar an cire hula, ya haye danga ya tafi. Da sama ta buɗe sai iskar ta shiga ciki, ta riƙa warware yantar zagaye-zagaye kamar ana kwance rawani. Sannan ruwa ya sauko. Muka yi ta kiran kakata ta fito, ta ƙi. Akwai wani ƙulli da take nema a ƙarƙashin gado, farin ƙyalle ne da ta kaɗa zarensa da hannunta ta ba masaƙi, ta ajiye don likkafaninta. Da muka shiga muka same ta tsaye, ruwa har idon sawu, ta rungume ƙullin a ƙirji, ita da shi duk sun jiƙe. Tukunyar na gefen bango inda na ajiye ta, ta cika da ruwa. Duk ɗakunan da aka kifa wa tukunya a ƙauyukan kewaye a wannan shekara, babu wanda iskar ta taɓa.

Bayan kwana biyu Baba ya dawo. Ya tsaya a tsakar gida bai ko sauke jakarsa ba. Ya dubi ɗakin, ya dubi tukunyar.

"Wa ya sauke ta?"

Kakata ta amsa daga ɗakin da aka kwantar da ita, muryarta ta riga ta dushe. "Iska ta. Iska ta sauke ta."

"Inna, iska ba ta aje tukunya ƙasa ba ta hwashe ba."

Na ce ni ne.

Ya ce in kawo masa abin da na ɗaure. Na ɗauko daga gonar bayan gida inda ya faɗa. Ko kaɗan bai kwance ba, ƙullin na nan daram. Ya juya shi, ya sa hannu ta ciki ya lalube.

"Ɗaurin ya yi kyau ga ido," in ji shi. "Amma ciyawa ka ɗaure da ciyawa. Ba ka kama icce ba ko guda."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Bai doke ni ba, bai ɗaga murya ba. A lokacin ne na gane dalilin da hannunsa ke nutsewa har kafaɗa in yana sama. Amma abin da hannun ke yi a ciki, yadda yake zagaya itacen, da wanda yake fara kamawa, wannan ban sani ba.

Tari ya kama kakata tun daga ranar ruwan. Ko tana kwance ba ta daina tsokanata ba. In na kawo mata kunu sai ta ce wa masu dubiya, "Kowace mace ruhi mijinta ya yi mata. Ni nawa taga ya buɗe mani bisa, in riƙa ganin hanyata." Su yi dariya, ita ma ta yi har tarin ya tsayar da ita. Kafin gero ya fitar da kai ta rasu. A cikin ƙyallen nan aka sa ta. An wanke shi, amma shatar ruwan ba ta fita duka ba. Ban ce ruwan ne ya kashe ta ba, kwananta ne ya ƙare, na san wannan. Na dai san kuma wanda ya sauke tukunyar.

Baba ya sake rufe ɗakin tun tana da rai. Bayan rasuwarta babu wanda ya koma ciki, sai tarkacen gona ake ajiyewa, amma duk bayan 'yan shekaru sai ya sabunta jinkar kamar tana nan. Bai taɓa tayar mini da maganar ba. Bai kuma sake ce mini in miƙo igiya ba. Ni ma ban sake tambaya ba. In na zo hutu ya fita aiki, sai in tafi gona. Takardar kalmomin kuwa na kai wa malaminmu. Ya yaba, ya sa na karanta a gaban aji, ya ce tawa ta fi ta kowa yawa. Abin da Baba ya faɗa ban sa a ciki ba.

Na gama makaranta, aka koya mini wanke gyambo da ba da magani, aka kai ni nan aka kai ni can, daga ƙarshe Goronyo. Na yi aure, na haihu. Ina zuwa gida da salla, mu gaisa da Baba, mu yi maganar damina da lafiyar yara. Ina ganin hannunsa ya fara rawa in ya ɗauki moɗa.

Shekara uku kafin rasuwarsa ya fara aiko da saƙo ta bakin mijin ƙanwata. "Ka ce mashi ya taho da bazara, akwai abin da za ni gwada mashi." Bazarar farko sanƙarau ya shigo ƙauyuka, ba mu da hutu, wannan uzuri ne na gaskiya. Ta biyu ba ni da wani uzuri. Na san abin da yake nufi, na kuma ji ba zan iya hawa jinka in haɗa ido da shi a can sama ba. Na aika da goro da turmin farin yadi, na ce aiki ya yi yawa. Ta uku na ce ina nan tafe, a bar ni kasuwa biyu su wuce. Ranar ta biyun ce jakin ya tsaya a kaina.

Na hau keke bayan azahar, na isa ƙauye rana na shirin faɗuwa. Na zauna a zaure na karɓi gaisuwa, na je kabari na yi addu'a. Sai da safe ƙanwata ta ja ni zuwa bayan gida.

Ɗakin kakata ne. An yi masa sabuwar jinka fes, zagaye a kan zagaye, babu inda ciyawa ɗaya ta fita layi. A can sama tukunya ce a kife. A gindin bango ga kasko da igiyar kaba a jiƙe.

"Shi kaɗai ya yi ta," in ji ƙanwata. "Mun hana shi hawa, ya ƙi. Kwana tara ke nan da ya kai wurin. Kullum da sahe sai ya canza ma igiyar ruwa, ya hita bakin hanya ya tsaya kaɗan, ya dawo. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi ma sai da ya ce in canza."

Na ce, "Bai ce komi ba?"

"Cewa ya yi, in Yaya ya zo ya shiga ciki ya ɗaga kai."

Na shiga. Sanyin ɗakin da ƙanshin sabon shuci suka tare ni. Na ɗaga kai. Duk itacen tsaikon bibbiyu ne, tun daga bango har inda suka haɗu. Ya ɗaura shi yadda zai ɗauki mutum biyu. A nan na zauna a ƙasa, ƙanwata ta ja mini ƙyaure ta tafi.

Bayan addu'ar bakwai na nemi 'ya'yan tsohon maƙwabcinmu, don shi ya daɗe da rasuwa, su ne ke riƙe da sana'ar yanzu. Babbansu ya saurare ni da ladabi. Ya ce, "Malam, kai ne ɗansa, aikinka na. Mu ba mu taɓawa. Kuma ɗaurin gidanku ba irin namu ba na, ko mun so ba mu san shi ba." Ya ce in ina so zai koya mini nasu, amma daga gindi za mu fara, kamar kowa. Na yi masa godiya. Ina da furfura a gemu, ga marasa lafiya suna jirana a Goronyo.

Sau ɗaya na hau. Itacen bai ko motsa ba. Na ɗaga tukunyar, na sa hannu har kafaɗa, na taɓa kawunan itacen a cikin duhu, suna nan a jere suna jira. Ban san wanda ake fara kamawa ba. Na taɓa yin ɗaurin da ya yi kyau ga ido, ba zan sake yin irinsa a kan wannan ɗaki ba. Na mayar da tukunyar na danna da ƙarfi, na sauko.

Yanzu ana ta cewa Turawa sun kusa tafiya. A kasuwar Goronyo rumfuna sun fara komawa kwano, masu hali ma suna sa wa ɗakunansu. Rufin kwano ba shi da tsororuwa, ƙusa ake bugawa a sauko. Kalmar ƙoli kuwa ta samu kasuwa, kullum tana cikin jarida, majalisar ƙoli, kotun ƙoli. Ƙololuwa ma ina jin ta a bakin masu wa'azi da masu siyasa. Tsororuwa ce na daina ji. Kwanan baya ɗana ya dawo daga makaranta da irin aikin da aka taɓa ba ni. Na faɗa masa na kakata, da na liman, da na Bafillatana, ya rubuta. Da na fara gaya masa abin da kakansa ya ce, sai ya ce wannan ya yi tsawo, ba zai shiga layin ba. Na ce ya bari, ba komai.

Damina biyu ke nan da rasuwar Baba. Ƙanwata ta ce ɗakin bai yi yoyo ba tukuna, sai dai ciyawar da ke ƙarƙashin tukunyar ta fara baƙi. Igiyar da ya jiƙa ta ruɓe, an zubar. Tukunyar na nan a kife. Ban ɗaure tsororuwar ba.